Ɗigon Kore da Ɗigon Rawaya

Kilomita Biyar, Bangui
Lahadi da hantsi

Zuwa ga Yaya Nuriyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya a Yaoundé. Yaya jikin Inna? Allah ya sa aikin da za a yi mata gobe ya zo da sauƙi. Ki ce mata autanta yana cin abinci, har da na maƙwabta.

Kin hana ni kira, kin hana ni turo murya, wai Inna tana gefenki kuma kunnenta ba ya hutu. Shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hoto. Ki fita waje ki karanta, don fuskarki ba ta iya riƙe sirri.

Yaya, na yi ɓarna a shagonki, kuma ba irin wadda na saba ba ce.

Ranar Litinin Rilwanu mai moto ya kawo aiki, takardun mannawa a babura na ƙungiyar ƙwallonsu ta Yakité, kore da rubutu rawaya. Kin san 'yan Miskine da suka zura musu uku, su rawaya suke sawa da rubutu kore. Sai Shaiɗan ya tuna mini wurin nan da kika taɓa buɗewa a kwamfuta, inda ake ce wa babban inji in ya ga wannan kala ya zuba waccan. Faransancin ban iya karanta shi ba, amma hannunki na haddace kamar yadda na haddace Tabara: na uku daga sama, na biyu a ƙasa, sai ɗan akwati. Na ce kore ya zama rawaya, rawaya ya zama kore. Rilwanu yana tsaye yana kallon kayansa daidai a fuskar kwamfuta, inji kuma yana fito masa da tutar abokan gaba. Sau uku muka buga. Ya rantse akwai aljani ɗan Miskine a cikin injin, har ya tofa masa addu'a. Muka yi dariya har masu ɗinki suka leƙo, daga baya na buga masa nasa a ƙaramin inji. Na ɗauka abin ya mutu tare da aikin Rilwanu.

Ranar Laraba na buga izun Sabbi na Malam Sha'aibu, kwafi ɗari uku, kamar yadda kika bar mini. Alƙur'anin da ya rubuta daga ka, shekara bakwai, kafin idonsa ya rufe. Wanda kika yi wata huɗu kina ɗauka kina tsabtacewa, kina ware kalolinsa huɗu. Ran Jumma'a aka raba sadaka a masallatai da makarantu.

Ke kin yi lakwal, boko kika sani, bari in faɗa miki girman abin da bakin ɗan allo. A rubutun malamanmu, ɗigon rawaya hamza ne, dole a furta shi. Ɗigon kore yana cewa a zarce, kada a furta alif ɗin. Yanzu duk inda za a furta, takarda ta ce a zarce. Duk inda za a zarce, ta ce a furta. Daga nesa shafin yana da kyau, kowace kala tana nan. Ni da na yi shekara goma a gaban Malam, na yanka, na ninke, na danne da ƙarfe, ina ta surutu, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Jiya Malam Jamaluddeen, mai koyar da tajwidi a Yakité, ya je zauren Malam da kwafi ɗaya. An ce bai ɗaga murya ba, durƙusawa ma ya yi. Ya ce ya ƙirga wuri arba'in ya gaji. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa cewa Alaramma Sha'aibu bai san hamza ba. Babu wanda ya ambaci shagonmu.

Don Allah ki faɗa mini yadda ake cire abin. In sake bugawa, in bi masallatai in ce takardar farko ce ba ta da kyau, in musanya shiru. Ba wanda zai sani sai ni da ke da Allah. Ki amsa yau.

Ƙanenki da ya shiga uku,
Uwaisu

*

Yaoundé
Litinin da yamma

Uwaisu,

Wa'alaikumus salam. An fito da Inna daga ɗakin aiki da azahar, ta farfaɗo, likita ya ce an dace. Ta tambaye ka, na ce kana lafiya. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi saboda kai a makon nan, kuma ba na son ta biyu.

Na karanta wasiƙarka a bakin famfon asibiti. Ba zan yi maka faɗa a takarda ba, zai jira. Ka karanta wannan a hankali.

Musanya kala tana da ƙofa biyu. Akwai ta aiki guda, wadda take ƙarewa idan aikin ya fita. Akwai ta injin kansa, wadda take hawa kan duk abin da aka tura masa har sai an cire ta. Hannuna da ka haddace, ranar ina gyara ta injin ne. Ɗan akwatin da ka danna, rubutun gefensa cewa yake a yi wa dukkan ayyuka. Kuma suna ɗaya nake ba kalolin shagon a kowane aiki, KORE da RAWAYA, don haka inji bai san bambancin babur ɗin Rilwanu da izun Sabbi ba. Fuskar kwamfuta kuwa aikin take nuna maka yadda aka zana shi, ba yadda inji zai zuba ba.

Ka shiga ta inda ka shiga. Za ka ga jadawali mai layuka. Layuka huɗu na sama nawa ne, kada ka taɓa su. Su ne suke gaya wa inji adadin tawadar da zai gauraya don jan ya fito irin jan Malam, koren irin korensa. Na yi sati uku ina buga ƙananan murabba'ai ina karawa da asalin rubutun a hasken rana kafin in same su. Layuka biyu na ƙasa naka ne. Ka zaɓi kowanne ka danna alamar ragewa. A ƙasa ta dama akwai maɓalli mai dogon suna da ya fara da R. Ko da wasa kada ka kusance shi, komai yake sharewa.

Batun musanyawa shiru, ban yarda ba. Ko ka karɓe ɗari ukun duka, maganar da ta shiga kasuwa ba a takarda take ba. Mutane za su ce mun gyara wa tsoho kuskurensa ne don rufin asiri. Ka je ka faɗa wa Malam da bakinka. Shi ya koya maka alif, shi ya yanka ragon sunanka lokacin da Baba ba ya gari.

Ka gaida masu ɗinki, tunda sun sha dariya.

Yayarki,
Nuriyya

*

Kilomita Biyar
Talata

Yaya Nuriyya,

Sallama da gaisuwa. Alhamdu lillahi da jikin Inna, na yi sujada da na karanta. Ki shafa mata ƙafa a madadina.

Maɓalli mai R ɗin, na riga na danna shi tun Lahadi da la'asar. Na jira amsarki ban gani ba, na ga shi ne mafi girma, na ce babba ba zai rasa magani ba. Ya tambaye ni wani abu, na ce masa i. Jadawalin yanzu fari fat, ba nawa ba naki.

Na gwada shafi ɗaya. Ɗigogin sun koma gidajensu, amma jan wasali ya fito kamar wanda ya tofar da goro, koren kamar ngunza, miyar ganyen rogo, da ta kwana a tukunya, rawayar kuma sai kin kai takarda bakin ƙofa za ki gan ta. Na zauna ina sa lambobi da ka, na ɓata takarda goma sha ɗaya, kuma kowacce aya ce a kanta, ba ta yarduwa. Na jera su a kwali na ɗora saman kabad. Ko kuran bai tausaya mini ba, sau huɗu ana ɗauke wutar.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Jiya bayan azahar na je zauren Malam da niyyar in faɗa. Wallahi da niyya na je. Na tarar da mutane, na zauna a baya. Ɗansa Yahuza yana roƙonsa a buɗe gafaka a duba asalin, ko daga wajen bugu ne. Sai Malam ya ce a'a, inji hoto yake ɗauka, hoto kuma ba ya ƙari ba ya ragi, abin da ya gani shi ya fitar. Duk zauren aka gyaɗa kai.

Daga nan ya faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ya ce shekarar da ya bi rubutun yana sa ɗigogi, idonsa ya riga ya fara hazo. Kwalbar kore da ta rawaya suna gefe ɗaya, wani lokaci sai ya kira yaro ya tambaye shi wacce ce wacce. Ya ce tun lokacin yake kwana da tsoron nan bai faɗa wa kowa ba, yau Allah ya bayyana shi tun yana da rai, wannan ma rahama ce. Ya hana a buɗe gafakar, wai idon jama'a ya isa haka. Ran Jumma'a bayan salla zai miƙe a masallaci ya ce ya yi kuskure a Littafin Allah, a yafe masa. Da la'asar a kai asalin maƙabarta a binne, kada wani ya gāje shi ya koyar da ɓata.

Da zan fita ya gane takuna. Ya ce, "Uwaisu, ka ba yayarka haƙuri, na sa ta wahalar banza." Na ce to, Malam. Abin da na iya cewa ke nan. Ni da bakina ba ya rufuwa ko a jana'iza.

Yaya, na san lambobin suna littafinki mai baƙin bango, na ga kin sa shi a jaka. Ki turo mini. In na buga mai kyau na kai masa a hannu, zan iya cewa inji ne ya rikice muka gyara. Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Asalin ya tsira, sunan Malam ya tsira. In na ce wasa na yi, a unguwar nan ba za a ce wasa da Rilwanu ba, za a ce wasa da Alƙur'ani. Kin san Kilomita Biyar. Ba mai sake ba ni hannu, kuma shagonki zai bi ni. Na tattara kwafi casa'in da huɗu yau da ƙafa. Saura kwana uku. Ki taimake ni.

Naki,
Uwaisu

*

Yaoundé
Laraba da safe

Uwaisu,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Inna ta sha kunu, ta zauna da kanta.

Littafin yana hannuna. Ba zan turo ba.

Ka yi tunani a kan abin da kake so in taya ka. Mutumin da ya gaskata hoto ba ya ragi, za ka ce masa inji ya rikice da kansa. Zai ɗauka tausayinsa muke ji, ya yi mana godiya, ya binne littafinsa. Abu ɗaya ne zai sa ya yarda a buɗe gafakar nan: ya ji cewa hannun mutum ne ya juya kalolin, ya ji sunan mutumin, ya ji dalili. Dalilin banza ne, shi ya sa zai gaskata. Ya san ka tun kana ɗaure wa almajirai jela.

Shagon nawa ne, na yafe shi in ya kama. Ni ma da laifina, na bar maka inji ban koya maka karanta abin da kake dannawa ba.

In azahar ɗin gobe ta yi ban ga takardarka ba, zan kira Yahuza in faɗa masa komai. Malam zai ji ko ta yaya. Abin da ya rage maka shi ne ya ji daga waya ko daga bakinka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya. Ina yi maka addu'a, ko da yake ina son in shaƙe ka.

Yayarki,
Nuriyya

*

Kilomita Biyar
Alhamis, kafin azahar

Yaya,

Sallama. Ki ajiye wayar, na je.

Bayan sallar asuba na tsaya a bakin layin su Rilwanu na faɗa masa. Bai yi dariya ba, bai zage ni ba. Ya ɓamɓaro takardar da ke jikin babur ɗinsa, ya ɗauko ta 'yan Miskine da ya ajiye yana nuna wa mutane aikin aljani, ya ce in hau.

Mun sami Malam da Yahuza su biyu. Na durƙusa na fara, muryata ta ƙi fita da Hausa, sai da yaren Sango na soma kamar ƙaramin yaro. Na faɗi komai, har da na uku daga sama da ɗan akwati. Yahuza ya karɓi takardun biyu yana gaya wa Malam abin da ke jiki. Da ya gane, ya miƙe da takalmi a hannu. Malam ya ji motsinsa ya ce ya zauna.

Sannan Malam ya tambaye ni ranar Litinin da na zauna a bayan zauren nan, na riga na sani? Na ce na sani. Ya ce lokacin da ya ba ni saƙon haƙuri ma na sani? Na ce na sani, Malam. Yaya, gara ya sa an ɗaure ni a turken masallaci.

Ya aika a kira Malam Jamaluddeen. Aka ɗauko gafaka, Malam ya kwance igiyar da hannunsa. Aka buɗe Sabbi aka kara da bugunmu. Malam Jamaluddeen ya bi da yatsa layi layi, ya ce asalin daidai yake, ko ɗigo ɗaya bai kauce ba. Ya kama ƙafar Malam yana neman gafara. Malam ya ce ba shi da laifi, abin da ya gani ya faɗa, haka ake so. Ya sa aka buɗe Baƙara, aka buɗe tsakiya. Duk daidai.

Na ɗauka zai yi murna. Sai ya ce, "Ganye shida kuka duba. Saura fa?" Yahuza ya ce ai an gano inda matsalar take, Baba. Malam ya ce an gano ta Uwaisu, ba a gano tasa ba. Tsoron da na tayar masa bai koma ya kwanta ba, Yaya. An fasa binnewa, amma ya ce kada a ƙara buga ko izu ɗaya.

Ni bai tsine mini ba, bai sa mini albarka ba. Ya ce wa Yahuza a faɗa wa yaron nan ya tafi. Ina gabansa, tsawon hannu ɗaya.

Gobe ni zan miƙe a masallaci a maimakonsa, na riga na gaya wa liman. Ban san da wace fuska zan fito ba. Kwafi ɗari biyu da tamanin da ɗaya sun dawo, don Malam Jamaluddeen ya baza ɗalibansa. Goma sha tara wani ɗan kasuwa ya tafi da su garin Boda ya raba wa makaranta. Asabar ni da Rilwanu za mu bi su, ko hanya ta cinye babur ɗin. Yara suna can suna haddace kuskurena, wannan ne yake ci na in na rufe ido.

Lambobin ki riƙe, ba abin da zan buga. Kada ki faɗa wa Inna sai ta iya tafiya, don na san da ƙafa za ta taho.

Ƙanenki,
Uwaisu

*

Daga Malam Sha'aibu, da hannun ɗansa Yahuza
Litinin

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Uwaisu ɗan Badaru. Aminci ya tabbata ga wanda ya ji tsoron Allah.

Bayan haka, na ji abin da ka faɗa a masallaci, ba ka rage ba. An gaya mini kun dawo daga Boda da goma sha tara, kuma ka tsaya ka gyara wa yaran karatu. Za a binne bugun duka ranar Laraba yadda ya dace, kai za ka haƙa.

Daga Alhamis, kullum bayan asuba ka zo da alwala. Za ka buɗe littafina daga Fatiha. Ni zan karanta da ka, kai ka bi da ido, duk ɗigon da muka iso ka faɗa mini kalarsa da ƙarfi. In ka ga kuskure ka ɓoye mini don tausayi, ban yafe ba duniya da lahira. Ganye biyu a rana ya ishe mu. Ka gaya wa yayarka ta adana lambobinta, in littafin ya fita lafiya za a nema.

Ka aiko Yahuza yana tambaya ko na yafe maka. Ka sake tambayata ranar da muka kai Nasi.

Wassalam.